Ina Sunayen 'Yan Bama? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro

Zuwa ga Mai Girma Ministan Tsaro,
da Babban Hafsan Hafsoshin Tsaron Najeriya,
da shugabannin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban-girma, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ya kare dakarunmu da ke bakin daga a Borno da Zamfara da sauran wurare, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama.

Ranku ya daɗe, ni ba soja ba ne. Malamin makaranta ne ni, alli na sani, ban san kunamar bindiga ba. Amma jikan soja ne, kuma da wannan matsayi nake rubuto muku. Na san abin da ke kan teburinku ya fi maganata gaggawa. Sai dai tawa ma tana da nata wa'adin, domin waɗanda za su iya ba da shaida a kanta sun kusa ƙarewa.

A ɗakin mahaifiyata akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ba a buɗewa sai da dalili. Abu uku ne a ciki da suka shafi wannan wasiƙa. Akwai tauraro na tagulla mai tsini shida, rataye da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, wato lambar da Turawa suka ba duk wanda ya yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu. Akwai ɗan littafin sallama daga soja wanda gara ta cinye rabinsa, ta bar lambar aiki amma ta tafi da sunan garin da aka ɗauke shi. Sai wani guntun ƙyalle na kafaɗa, mai hoton masu biyu a gicciye a kan wani abu zagayayye. Ina yaro na ɗauka garkuwa ce. Ranar da na faɗi haka kakana ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Kai yaro, gammo ne."

Gammo ne kuwa. Tambarin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, kuma ba don ado aka zaɓe shi ba. A dazuzzukan Arakan babu hanyar mota, duwatsu ne da koguna da gora mai kauri, saboda haka aka haɗa wa kowace runduna dubban masu dako waɗanda kansu ne motar. Harsashi, gurneti, na'urar oba-oba, buhun shinkafa, sassan ƙaramar igwa, gadon ɗaukar wanda aka harba, duk a ka. Kakana yana cikinsu. Ya ce adda ce makaminsa mafi yawan lokaci, da ita yake saran hanya, da ita kuma zai kare kansa in Japanawa suka faɗo musu da dare. Ita kuwa Runduna ta 81, wadda ta riga su isa a 1943, tambarinta gizo-gizo ne baƙi a kan ɗorawa. Mutanen Gana suka ba da shi daga tatsuniyarsu ta Ananse, amma Bahaushen da ya gani ya san Gizo ya gani, bai buƙaci tafinta ba.

Abin da ya tayar mini da wannan magana ƙarami ne. Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe ko akwai wanda ya san ma'anar Dalet, sunan barikin da wasunsu ke wucewa ta ƙofarsa duk lokacin da suka shiga Kaduna. Wani ya ce sunan wani janar ne daga Filato. Na ce to Kalapanzin fa? Shiru. Barikin Chindit na Zariya, inda ake horar da kurata? Shiru. Da na kawo Dodan na Ikko, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 har zuwa komawa Abuja a 1991, sai wata yarinya ta ce ai daga dodo ne, saboda sojoji na da ban tsoro. Ban ga laifinta ba, ni ma na daɗe ina zaton haka.

Ku kun san amsar. Dalet, Kalapanzin, Dodan, Tamandu, An, Letmauk, Myohaung, Arakan, waɗanda barikokinmu ke ɗauke da su, duk sunayen ƙauyuka ne da koguna da yankuna na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda 'ya'yan Najeriya suka zubar da jini a 1944 da 1945. Arakan ɗin nan ita ce jihar Rakhine da muka riƙa ji a labarai tun 2017 saboda ukubar da Musulmin Rohingya suka shiga. Mun yi ta yi musu addu'a a masallatai, ba mu san cewa kakanninmu na kwance a ƙasarsu ba. Shi kuma Chindit sunan dakarun Janar Orde Wingate ne, waɗanda aka sauke da jirage a bayan layin Japanawa a watan Maris na 1944, kuma bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikinsu. Sunayen barikin Mogadishu da na Marda ma ba daga sama suka faɗo ba. A farkon 1941 birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu, ta kori sojan Italiya ta mashigin Marda har Harar ta ƙasar Habasha, tafiyar kusan mil dubu cikin wata guda.

Wato dai mun adana sunayen wuraren da aka mutu, mun zubar da sunayen waɗanda suka mutu.

Kimanin mutum dubu 90 daga Afirka ta Yamma aka kai wancan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya, kuma kaso mai yawa daga Arewa: Hausawa, Barebari, Tibi, Angasawa, Zabarmawa, Bacama, da sauransu. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har Baturen hafsa sai ya koye ta. Wasu da ƙafarsu suka je, don sule guda a rana kuɗi ne a wancan zamani, ga kaki ga takalmi. Wasu kuwa ba a tambaye su ba. Takarda ce ke fitowa daga Razdan zuwa En'e, daga En'e zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a ce ana son mutum kaza. Wa dagaci zai bayar? Ba ɗansa ba dai. Kakana maraya ne, yana noma a gandun kawunsa, ba shi da mai tsaya masa. Ya ce da hantsi aka kira shi ƙofar dagaci, kafin la'asar yana cikin mota, bai ko koma ya ɗauki fartanyarsa da ya bari a kunya ba.

Bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin garinsu ba, sai ga shi a Ikko ana tura shi cikin jirgin ruwa mai hawa-hawa. Labarin teku ne ya fi yawan ba mu, ya fi na dajin. Ya ce makonni suka yi ba su ga ƙasa ba, jirage a jere kamar ayarin fatake, ƙananan jiragen yaƙi na kewaya su kamar karnukan farauta. Da dare ba a kunna ko ashana. Kowa na kwana da rigar iyo a wuya, don an gaya musu akwai jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ba tsoratarwa ba ce kawai. A watan Fabrairun 1944 irin wannan jirgi na Japan ya nutsar da Khedive Ismail a tekun Indiya, ɗauke da sojojin Gabashin Afirka, mutum kusan 1,300 suka halaka. Ya ce abin da ya fi damun Musulmin cikinsu shi ne alƙibla, don jirgin kullum cikin karkace-karkace yake yana kauce wa hari, sai ka ta da kabbara kana fuskantar gabas ka sallame kana kallon wani wuri.

Na daji kuwa sai an matsa masa. Matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi, a cire su da wutar taba. Ruwan sama na wata da watanni wanda ke ruɓar da riga a jikin mutum. Zazzaɓi da atuni, waɗanda suka kwantar da mutane fiye da harsashi. Abu ɗaya da fuskarsa ke sakewa in ya zo kansa shi ne jirgin Dakota. Runduna ta 81 a kwarin Kaladan ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan ta sama, kuma haka aka ci gaba da yi wa ta 82. Sai a sare fili, a shimfiɗa alama, jirgi ya zo ƙasa-ƙasa ya yi ta zubo kaya, masu fashewa da lema, buhunan hatsi kuwa haka nan ake turo su. Ya ce ya ga buhun shinkafa ya kashe mutum nan take, wani ɗan ƙasar Bauci da suke kwana rami ɗaya. Ya faɗi sunansa sau da yawa, ni kuma da ƙuruciya ban rubuta ba. Yau na manta. Wannan mantuwar tawa ce, ba ta gwamnati ba, kuma tana cikin abin da ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami.

Ranku ya daɗe, ba masu kaki kaɗai yaƙin Hitila ya ci ba, kuma nan ne nake ganin bikinmu na tunawa da 'yan mazan jiya na kowace shekara ya fi gajarta. Da Japan ta ƙwace Malaya, Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza. Sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da tsofaffi ke kira diban gwamna, aka kwashi talakawa wajen dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na ƙasar Jos. Manoma ne da aka raba da gonakinsu, aka kai su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ba bargo, ba isasshen abinci. Ɗaruruwa suka mutu, wasu suka gudu da ƙafa. Har a majalisar dokokin Ingila an yi surutu a kan abin. Waɗannan ba su da tauraron tagulla, ba su da bariki, ba a busa musu begila. Ga gyaɗar da aka matsa wa manoma su noma, ga ƙarancin gishiri da kananzir da tufafi da iyayenmu mata suka daɗe suna ba da labari.

Ta samanmu ma yaƙin ya bi. Tun daga Satumban 1940 ake kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su taso ta Ikko, su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su wuce Fort Lamy wadda yau take Njamena, su ratsa Sudan har Masar. Fiye da jirage dubu biyar suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Hanyar ta yiwu ne don gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a lokacin da Nijar ke hannun gwamnatin Vichy, wato ta Faransa mai haɗa kai da Jamus. Ta dami Jamus har ta aiko jirgi guda ya ƙetare Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy a Janairun 1942. Su wa suka share filayen nan, suka fasa dutse, suka gangara da gangunan mai? Mutanen Kano ne da na Borno. Matafiyi nawa ne cikin masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano suka san haka?

An kuma tara kuɗi, kwabo da sisi, daga aljihun talaka da baitulmalin En'e, aka saya wa Ingila jiragen Spitfire, har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan samansu sunan Najeriya. Akwai ma jirgin ruwan yaƙi mai suna HMS Nigeria. Wannan jirgi an san ranar da jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe shi a Agustan 1942 kan hanyar kai ɗauki tsibirin Malta, an san inda aka gyara shi, an san an sayar wa Indiya shi daga baya aka sauya masa suna. Ƙarfe ke nan, tarihinsa a rubuce daki-daki. Mutumin da buhu ya kashe a gaban kakana kuwa, in ba a allon wata maƙabarta a can nesa ba, ban ga inda za a same shi a ƙasar haihuwarsa ba.

Da aka gama yaƙi, yawancinsu sai 1946 suka dawo. An yi musu alkawarin aiki, kaɗan suka samu: masinja, ɗan doka, mai gadi. Saura suka koma gona da ɗan abin sallama da bai kai shekara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Binciken da 'yan jarida suka yi a 2019 ya tono takardar da ta nuna yadda aka biya kuɗin sallama a Gabashin Afirka: farabiti Bature sule goma kan kowane watan aiki, baƙar fata sule uku da sisi. A gari kuma aka riƙa kallonsu a matsayin mutanen da yaƙi ya taɓa wa kai. In tsoho ya yi faɗa sai a ce a ƙyale shi, ɗan Bama ne. Kakana in aka yi tsawa da damina yakan tashi ya zauna a bakin ƙofa har asuba. Mu yara dariya muke yi.

Ba na ce ku ne kuka yi wannan ba. Ingila ce ta kai su, ita ce ke da bashin haƙƙinsu, kuma ko ita ta fara sunkuyar da kai. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum dubu 116, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Amma in mai aro ya wulaƙanta kaya, mai kayan fa? Dubi maƙwabta. Gana na tunawa duk ranar 28 ga Fabrairu da Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, 'yan mazan jiyan da aka harbe a 1948 suna kan hanyar kai kukansu ga gwamna, kuma kowane ɗan makaranta ya san su. Senegal ta yi ta bin kadin tiraya, wato sojojin Afirka na rundunar Faransa, da sojan Faransa suka kashe a Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944, har sai da shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi a 2024, bayan shekara tamanin.

Mu kuwa muna da 15 ga Janairu. Na fahimci dalilin da ya sa aka ɗauke ranar daga 11 ga Nuwamba aka kai ta ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma ban ƙi ba. Ana ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a harba bindiga, a ambaci yaƙin duniya na ɗaya da na biyu cikin jimla guda a wuce. Sojan da ba a san sunansa ba ake yi wa gaisuwa. To amma da yawansu ana iya sanin sunayensu, nema ne ba a yi ba.

Ni na gwada nawa. Na ɗauki rabin littafin nan zuwa wani ofishi da ba zan ambata ba, ina neman ko za a gano mini bataliyarsa daga lambar. Wanda na tarar mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya juya littafin gaba da baya, ya ce, "Malam, wannan ai sai Landan." Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma in sai Landan ne, gwamnati ce ke da bakin da za ta roƙi Landan, ba malamin sakandare ba.

Roƙona ke nan. Ku nemi kwafin rajistar sojojin Najeriya na 1939 zuwa 1946 daga duk inda take, a haɗa da sunayen da ke kan allon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, mai ɗauke da sunaye kusan dubu 27 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, da na maƙabartun Chittagong da sauran wurare. A zauna da masu jin harsunanmu su gyara rubutun, don magatakardan Turawa sun murɗe sunaye da yawa, kuma sau tari garin mutum ko ƙabilarsa aka rubuta a matsayin sunan mahaifinsa. Wannan ma taimako ne, don zai nuna inda za a kai sunan. A rarraba su lardi-lardi, a miƙa wa masarautu, a sa a intanet yadda jika zai buga suna ko lamba ya ga kakansa. Ba aikin biliyoyi ba ne. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana nan da fayilolin larduna, Arewa House na nan, sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri cike suke da ɗalibai masu neman abin bincike. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 kuma da ita Arewa ta bi labarin yaƙin, su ma taska ce. A fayilolin lardunan nan ne za a samu zancen diban gwamna, kuma ina roƙon kada a bar su a baya don ba su sa kaki ba.

Sannan a kafa allo a ƙofar kowane barikin da ke ɗauke da irin waɗannan sunaye, da Turanci da harshen mutanen wurin, layi biyar ko shida: ina ne Dalet, yaushe aka yi, wace bataliya, mutum nawa suka rage a can. Kurtun da aka horar a Chindit bai kamata ya fita bai san sunan da ya kwana a ƙarƙashinsa wata shida ba. Kun riga kun nuna ana iyawa, tunda barikin Lokoja na ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri, wanda ya ga yaƙin duniya biyu, ya yi Habasha ya yi Bama. Shi ɗaya ne cikin dubbai. Tun da an dawo da darasin tarihi makarantu bayan shekarun da aka yi an cire shi, ku ba mu abin da za mu koyar, mu malamai za mu ɗauka daga nan.

Ga iyayenmu sarakuna kuma, ta hannunku nake miƙa gaisuwa da tuni. Sarkin Katsina Usman Nagogo, bai daɗe da hawa gado ba, ya je har can ya duba dakarun nan, kuma waɗanda suka gan shi ba su manta ba har suka mutu. Ta ƙofar hakimai da dagatai aka fitar da mutanen nan, ya dace ta nan sunayensu su dawo. Sanarwa ɗaya daga fada ta isa ta sa a buɗe akwatuna irin namu kafin gara ta gama da su.

Wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943 ya haura ɗari yanzu. In akwai sauran masu rai, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma a tura musu mai rikoda a wannan watan ya fi a kai musu buhun shinkafa a Janairu. 'Ya'yansu da suka ji daga bakinsu su ma sun tsufa. Mahaifiyata ta haura saba'in, ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ta san wasu labaran, kuma na fara zama da ita da littafi duk ranar Juma'a bayan la'asar. Makon jiya ta ce tana jin sunan mutumin Baucin nan ya fara da harafin "Ɗan", sauran ya ɓace mata. Ta ce in bar ta ta yi tunani.

Akwatin yana nan. Ranar da kuka buɗe wurin da za a karɓi irinsa a rubuta sunan mai shi, ni zan kawo da kaina.

Allah ya ja zamaninku.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, jikan ɗan Bama,
daga ƙasar Zazzau.